Lafazin Japananci a Bakin Bahaushe: Abin da Muke da Shi, da Abin da Sai an Koya



Duk wanda ya tsaya minti biyar a bakin tashar Ƙonni zai ji Japananci, ko bai sani ba. Toyota, Honda, Suzuki, Yamaha, Nissan, duk kalmomin Japan ne, ƙasar da mu nan muka fi kira Japon. Honda da Suzuki da Yamaha sunayen mutanen da suka kafa kamfanonin ne. A madafa kuma ga Ajinomoto, wanda ma'anarsa "tushen ɗanɗano". Har gaisuwarsu ta rana, konnichiwa, farkonta kamar a ce an kira sunan garinmu ne.

Cikin saƙonnin murya da ƴan'uwa na waje ke aiko muna akwai koken da ke yawan dawowa, ko daga wace ƙasa yake: mutum ya haddace kalmomi, ya ci jarrabawa, amma in ya buɗe baki a asibiti ko a wurin neman aiki sai a ce ya sake faɗi. Yau mun ɗauki Japananci mu duba wannan matsala. Dalilinmu kuwa shi ne, a wajen furuci, bakin Bahaushe ya fi bakin Bafaranshe ko Ba'ingile kusa da na mutumin Japan. Abin da ya rage shi ne mutum ya san kayan da ke hannunsa, ya kuma san ƴan wuraren da Hausa za ta yaudare shi.

Mu da Japan

Hulɗar ba ta tsaya ga motoci ba. Hukumar JICA, wadda ke kula da ayyukan taimakon Japan a ƙasashen waje, a nan jahar Tawa ta fara shirinta na "makaranta don kowa" a shekarar 2004, wanda ya ƙarfafa kwamitocin COGES na iyayen yara da malamai kafin a baza tsarin a faɗin Nijar. Tun shekarun 1980 matasan Japan ƴan sa-kai suke zuwa aiki a garuruwa da ƙauyukan ƙasar nan, har matsalar tsaro ta sa aka janye su a 2011. Da yawansu Hausa ko Zabarmanci suka koya suka yi aikin da shi. A Tokiyo ma, Farfesa Matsushita Shuji ya yi rubuce-rubuce kan harshen Gwandara a shekarun 1970, kuma shi ne ya sa babban ƙamusun Hausa na Bargery, wanda aka buga a 1934, a intanet.

Ta ɗaya ɓangaren, gwamnatin Japan tana ba ɗaliban waje tallafin karatu na MEXT tun 1954, sannan a taron TICAD na biyar a Yokohama, a 2013, ta sanar da shirin ABE na digiri na biyu don matasan Afirka. Ana iya yin darasi da Ingilishi, amma kasuwa da jirgin ƙasa da asibiti da maƙwabta duk da Japananci suke. Babbar jarrabawar harshen, JLPT, an fara ta a 1984, tana da matakai biyar daga N5 zuwa N1, ana yin ta a watan Yuli da Disamba. To ga abin lura: tana auna karatu da saurare, ba ta auna magana ko kaɗan. Mutum na iya riƙe takardar N2 alhali ba wanda ya taɓa gyara masa lafazi.

Daga ina karin baƙo yake zuwa?

Jariri yana iya bambance sautuka iri-iri na harsunan duniya. Kafin ya cika shekara, kunnensa ya fara zaɓen na harshen gidansu ya bar sauran. Daga nan, duk sabon sautin da babba ya ji sai ya jefa shi cikin akwatin wanda ya sani. Shi ya sa muka mai da kalmomin Turawa tebur da bokiti, mutanen Japan kuma suka mai da su teeburu da baketsu. Mu da su duk ba mu son baƙaƙe su taru ba wasali a tsakani, sai mu cusa masu.

Ke nan matsalar lafazi daga kunne take farawa. Abin da kunne bai rarrabe ba, baki ba zai iya fitar da shi ba. Ilimin furuci, wato sanin inda kowane sauti ke fita da yadda yake fita, aikinsa ke nan: ya nuna ma kunne inda zai kasa. Mu kuwa ba baƙinsa ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya ji ana maganar mafitar haruffa, da madda, da shadda, da gunna. Da su za mu yi awo a nan.

Wasula biyar, da gajere da dogo

Japananci yana da wasula biyar: a, i, u, e, o. Daidai da namu. Kowane yana da gajere da dogo, kuma ja yana canza ma'ana. Mu ma haka. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, bambancinsu ja ne kawai: gari da gaari. Rubutun boko ba ya nuna wannan, shi ya sa da yawanmu ba su taɓa lura suna yi ba. A nan za mu rubuta dogon wasali da harafi biyu don a gani.

A Japananci obasan inna ce ko goggo, obaasan kaka ce. Ojisan kawu ne, ojiisan kaka namiji. Ie gida ne, iie kuma "a'a". Yuki dusar ƙanƙara ce, yuuki jaruntaka. Wanda aka fi ba ɗalibai dariya da shi shi ne shujin, maigida, da shuujin, ɗan kurkuku. Mace ta ja wasali ɗaya, ta kai mijinta gidan kaso.

Ɗalibin da Faransanci ne harshensa na gida yana shan wuya a nan, don harshensa bai damu da ja ba. Bahaushe yana jin bambancin tun ranar farko. Sai dai akwai rami guda. A Hausa, e da o a tsakiyar kalma kusan kullum dogaye ne: mota, keke, zomo, gero. Bakinmu bai saba da gajeren e ko o a wannan wuri ba. To Japananci cike yake da su. Koko, da gajerun wasula, "nan" ne. In ka faɗe shi yadda muke kiran kokon da ake sha da ƙosai, ka ce kookoo, wato lise. Toru ɗauka ne, tooru wucewa. Toyota ma duka gaɓoɓinta uku gajeru ne, mu ne ke ja mata. Haka kuma yawancin sunayen abubuwa a Hausa da dogon wasali suke ƙarewa, don haka sai an kiyayi jan wutsiyar kalma.

Sai u. Namu da tsuke leɓe ake yin sa. Na Tokiyo leɓe a sake yake, ba a turo shi gaba. Ka ce u kamar kana jin ƙyuyar motsa baki, ka kusa.

Na ƙarshe a wasula: i da u sukan rasa murya in suka faɗa tsakanin baƙaƙe irin k, s, sh, t, ch, h, p, ko a ƙarshen magana bayan ɗayansu. Desu sai a ji kamar des, masu kamar mas, suki, wato so, kamar ski. Unguwar Asakusa ta Tokiyo kamar Asaksa. Wasalin yana nan, lokacinsa yana nan, raɗa shi ake yi. Wanda ya cika shi da murya, ya ce desuu, nan take a san baƙo ne.

Awon magana

Mutanen Japan suna auna magana da ɗan ƙaramin ma'auni da masana ke kira mora. Mu ce masa bugu, kamar bugun taɓarya. Gajeriyar gaɓa bugu ɗaya ce. Dogon wasali bugu biyu. Baƙi mai shadda yana da bugunsa, n ta ƙarshen gaɓa ma tana da nata. Kowane bugu kuma ana ba shi lokaci kusan daidai da na ɗan'uwansa.

Tokiyo a bakinsu to-o-kyo-o ce, bugu huɗu. Osaka o-o-sa-ka, huɗu. Honda ho-n-da, uku. Nissan ni-s-sa-n, huɗu. Konnichiwa ko-n-ni-chi-wa, biyar. Gajeriyar waƙarsu da ake kira haiku, mai awon 5, 7, 5, da wannan bugu ake ƙirga ta. Almajiri zai gane abin da wuri, don kusan shi ne ƙirgen haraka: madda ta asali haraka biyu. Marubutan waƙoƙinmu ma da gaɓa mai nauyi da marar nauyi suke auna baiti.

Shadda ba ta ba mu tsoro. Muna bambance daba da dabba, bata da batta. Mu na yamma ma mun fi na Kano yawan ta, mu da ke cewa "shi yaz zo", "ita tac ce", "rigas sarki". Haka suke bambance kite, zo, da kitte, kan sarki na wasiƙa. Oto, ƙara, da otto, miji. Saka, gangare, da sakka, marubuci. A rubutunsu ƴar ƙaramar alamar tsu ce ke yin aikin shadda. Baƙi da yawa kan ce konichiwa da n ɗaya. Wanda ya tashi yana cewa sannu da Ƙonni ba shi da uzuri.

Ita n ta ƙarshen gaɓa tana rikiɗa da abin da ya biyo ta, kamar nun mai sukun. Gaban b, p, m sai ta koma m: shinbun, jarida, ana jin shimbun, yadda muke rubuta gidan Bello mu ce gidam Bello. Gaban k da g sai ta koma can baya, kamar n ta cikin hankali: ginkoo, banki. A ƙarshen kalma ta yi kusa da n ta nan da can. Duk wannan bakinmu yana yi da kansa. Inda ake faɗuwa shi ne in wasali ya biyo ta. Kin'en, wato an hana shan taba, ki-n-e-n ne, bugu huɗu. N ɗin ta hanci take fita, harshe bai taɓa hanƙa ba. In ka manna ta da e, ka ce kinen, ka koma maganar tunawa da wani abu.

Hawa da saukar murya

Ga babbar gonar da muka gada ba mu sani ba. Hausa tana bambance kalmomi da karin sauti. Kukan yaro sama-sama ne, kukar miya sama-ƙasa. Wuyan da ake rataya laya sama-ƙasa, wuyar aiki ƙasa-sama. Baba na rini daban, baba mahaifi daban. Ba wanda ya koya muna a lakwal, amma ba mu kuskure.

Japananci ma da sama da ƙasa yake aiki, ba da dukan gaɓa da ƙarfi irin na Ingilishi ba. A karin Tokiyo, wanda shi ne na rediyo da makaranta, ame sama-ƙasa ruwan sama ne, ame ƙasa-sama alewa ce. Hashi sama-ƙasa tsinkayen cin abinci ne, hashi ƙasa-sama gada ce. Akwai kuma hashi na uku, gefe ko baki, shi ma ƙasa-sama. To yaya ake raba gada da gefe? Sai an liƙa masu ƴar kalma kamar ga. Bayan gada murya ta faɗi a kan ga. Bayan gefe ta tsaya sama. Wannan ma muna da mai kama da shi: ne da ce ba su da karin kansu, kishiyar na gabansu suke ɗauka. Ku faɗi "wuya ne" da "wuya ce" ku saurari kanku.

Tsarin Tokiyo ya fi namu sauƙi, don doka biyu ce. Ta farko: bugun farko da na biyu ba su zama a tsayi ɗaya, in na farko sama ne na biyu ƙasa, in na farko ƙasa ne na biyu sama. Ta biyu: in murya ta faɗi a cikin kalma, ba ta sake hawa. Ke nan abu ɗaya ne za a haddace a kowace kalma: ina murya ke faɗuwa, ko kuwa ba ta faɗuwa. A arigatoo, na gode, murya tana hawa a ri ta faɗi bayanta. Nihon, Japan, ƙasa-sama-ƙasa ne. Nihongo, Japananci, ya hau a ho ya miƙe har ƙarshe.

Abu biyu za a kiyaye. Ɗaya, Hausa tana barin murya ta sauka ta sake hawa a kalma guda, kamar a asibiti. Bahaushe kan ɗauki wannan rawa ya ɗora ma doguwar kalmar Japan. Biyu, wanda ya yi karatun Ingilishi a Sakkwato ko Zariya yakan zo da al'adar Turawa ta dukan gaɓar kusa da ƙarshe, ya ce yaMAAha, hiroSHIIma. Duka biyun baƙunta suke nunawa. A sani kuma, kamar yadda Hausar Adar ta bambanta da ta Kano, karin Osaka da Kiyoto ya bambanta da na Tokiyo. A can hashi na gada da na tsinkaye juyewa suke yi. Ɗalibi ya riƙe kari ɗaya, kada ya gauraya.

Baƙaƙen da muka samu kyauta

Muna cewa mota, motoci, gasa, gashi, kaza, kaji. Wato t, s, z in suka haɗu da i sai su koma c, sh, j. Japananci haka yake sak: ba su da si sai shi, ba su da ti na asali sai chi, ba su da zi sai ji. Hanasu, yin magana, ya koma hanashimasu. Matsu, jira, ya koma machimasu. Abin da littafi ke kira doka mai wuya, a wurinmu halin gida ne. Ky da gy ma muna da su a kyau da gyaɗa, don haka Kyooto da gyuunyuu, madarar shanu, ba su da wuya.

Sai maganar f da h, wadda ta fi shafar yankinmu. Na Kano ya ce tafi, lafiya, fura, fara. Mu mu ce tahi, lahiya, hura, hwara. Japananci yana da jeri guda: ha, hi, fu, he, ho. Fu ɗin nan da leɓɓa biyu ake hura shi, haƙori bai taɓa leɓe ba, tsakanin fu da hu. Shi ne f na Bahaushe, ba na Bafaranshe ba. Sunan dutsen Fuji a bakin ɗan Malbaza ya fi daidai da yadda mutumin Faris zai faɗe shi. Tarihi ma ya nuna sun bi hanyar da muka bi. A ƙamusun da limaman Kirista ƴan Fotugal suka buga a Nagasaki a 1603, kalmar mutum fito aka rubuta ta, fure fana, ƙasar kuma Nifon. Yau hito, hana, Nihon ake cewa. F ɗinsu ta koma h, kamar tamu.

Baƙaƙen da sai an yi gumi

Na farko p. Hausa ba ta raba p da f, shi ya sa muka ce famfo da Faris. Japananci yana raba su. Pan burodi ne, han rabi. Kippu tikiti ne, ippai cike ko kofi ɗaya, Nippon sunan ƙasar. Dabarar: ka rufe leɓɓa ruf kamar za ka ce b, iska ta taru, ka sake ta ba murya. In iska tana zurara kafin ka buɗe, f ka yi.

Na biyu ts. Harafin ɗaya ne a takarda, sautin daban. Namu na tsamiya da tsuntsu da maƙe maƙogwaro ake harbo shi, ɗan'uwan ƙ ne. Nasu na tsunami da Mitsubishi t ce da s a manne, iska daga huhu, maƙogwaro a sake. Haka nan k ta konnichiwa k ce ta kaza, ba ƙ ta Ƙonni ba. Japananci ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ ko ɗaya. A bar su gida.

Na uku r. Muna da biyu: mai kaɗawa ta ruwa da rana, da mai garawa, su ne ke raba bara na sarki da barar almajiri. Su ɗaya gare su, ba su kuma da l daban. Tasu kan harshe ne ke taɓa hanƙa sau ɗaya ya gudu. In aka gara ta, rrr, a kunnensu maganar ƴan tasha ce ko ta mai neman faɗa. R ta maƙoshi da mushe ya koyar a lakwal kuwa ba ta da wuri a nan sam.

Na huɗu hamza. Bahaushe ba ya jera wasula biyu ba tare da ya datse tsakaninsu ba: sa'a, jama'a, ma'aikaci. Japananci yana jera biyu har uku ba datsewa: aoi, shuɗi; ue, sama; ie, gida. A bar murya ta zarce daga wasali zuwa wasali kamar ruwa a lambatu.

Na biyar ryo, byo, nyu, hya da ire-irensu. Bugu ɗaya ne kowane, kamar kya ta kyau. In aka cusa i, ma'ana ta tafi. Byooin asibiti ne, biyooin shagon gyaran gashi. Marar lafiya a motar haya ya san bambancin nan ba wasa ba ne.

Tarkon lakwal

Japananci yana da rubutu uku: hiragana mai alama 46, katakana mai 46, da kanji da aka aro daga Sin, waɗanda gwamnati ta jera 2,136 na amfanin yau da kullum a 2010. Mai farawa yakan dogara da rubutun boko, a tsarin da ya ɗauki sunan likitan Amurka James Hepburn, wanda ƙamusunsa ya fito a 1867. A nan ɗan Nijar ke faɗa ma rami, don idonsa da Faransanci ya saba.

A wannan tsari ch c ce ta Hausa, ba sh ba. H ana furta ta. S tsakanin wasula s ce, ba ta komawa z: Osaka, Nagasaki. G kullum g ce ta gero: genki, ƙoshin lafiya. U u ce, ba ta Faransanci mai tsinin baki ba. An, on, in ba wasulan hanci ba ne, wasali ne da n. Oishii, mai daɗi, o-i-shi-i ne, ba washi ba. A taƙaice, karanta shi da bokon Hausa, ba da na lakwal ba, za ka fi kusa. Mafi alheri kuma a koyi hiragana cikin makonnin farko a rabu da boko, don hiragana tana nuna ja da shadda ɓaro-ɓaro. Karin sama da ƙasa ne kawai ba ta nunawa, kamar bokonmu.

Yadda ake gyara

Mu fara da kunne. A samu kalmomi biyu-biyu irin waɗanda muka kawo, obasan da obaasan, kite da kitte, ame da ame, a saurara ido a rufe har a daina kuskuren wanne ne wanne. Kafin nan ma, a gwada da Hausa: gari da gaari, kuka da kuka. Wanda ya kama abin a harshensa ya san me yake nema a na wani.

Sai bugu. A tafa hannu ko a ƙwanƙwasa tebur ga kowane bugu: to-o-kyo-o, huɗu. Mata da ke daka su biyu a turmi ɗaya sun san wannan awo fiye da kowa.

Sai bin sawu, irin na makarantar allo: malam ya faɗa, almajiri ya bi. A ɗauki jimla guda gajeriya daga bakin ɗan ƙasar, a bi ta a baya-baya kamar inuwa, sau goma, sau ashirin, har da numfashinsa da inda ya tsaya. Gidan rediyon NHK na Japan yana da darussan masu farawa da Faransanci da Ingilishi da Larabci da Sawahili, kyauta. Shi ne kuma ke buga ƙamusun lafazi da masu karanta labarai ke bi, tun 1943. Sabon bugu ya fito a 2016. Duk sabuwar kalma a rubuta ta da alamar inda murya ke faɗuwa tun ranar farko, don gyaran abin da ya zauna ya fi koyon sabo wuya.

Sai ɗaukar murya. Salular da muke aika saƙo da ita ta isa. Ka ɗauki kanka, ka saurara, ka gwada da na ɗan ƙasar. Mutum ba ya jin kansa lokacin da yake magana. Kuma a roƙi aboki ɗan Japan ƙarara ya gyara, don ladabinsu yakan sa su yaba ma baƙo ko da ya yi kuskure. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

In lokaci kaɗan ne, ga jerin da muke ba da shawara: ja da shadda da n tukuna, don su ne ke canza ma'ana a kowace jimla, sai p da ts da ry, sannan karin sama da ƙasa. Kuskuren kari sau da yawa zancen da ke kewaye yana rufe shi, ba wanda zai ɗauka alewa ce ke zuba daga sama. Kuskuren ja kuwa yakan tsai da magana cak.

Ina iyakar abin?

Wanda ya fara koyon harshe yana babba, da wuya karin gidansu ya ɓace ƙaf, kuma ba shi ne abin nema ba. Ƴan sa-kai na Japan da suka zauna ƙauyukanmu suna rikita r da l, ƙ da ɗ suna ba su wuya, amma an yi ciniki da su, an yi taron iyayen yara da su, an gane su. Abin da ake so shi ne likita ya ji ciwon da kake faɗi, mai ɗaukar aiki ya saurari abin da ke bakinka ba tare da ya gaji ba.

Darasin kuma bai tsaya ga masu zuwa Tokiyo ba, don su ƙalilan ne. Ɗan Dogarawa da ke fama da p da v a ajin Faransanci, da ɗan Badagishiri da ke koyon Ingilishi don fatauci a Gana, da mai neman aiki da Larabci a Aljeriya ko Saudiyya, hanyarsu ɗaya ce: ka san sautukan harshenka, ka jera su da na baƙon harshe, ka ga inda suka dace da inda suka rabu, ka sa ƙarfinka a inda suka rabu. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Yaron da aka nuna ma ja da shadda da karin sauti a cikin Hausarsa ya riga ya riƙe mabuɗin wasu harsunan.

Ƴan'uwa da ke Japan ko wata ƙasa, ku aiko muna da kalmar da ta fi ba ku wuya, da yadda kuka shawo kanta, mu karanta ma na gida. Arigatoo, bugu biyar.